Hafin inji na Baljiyam a CR-V: ƙarfi ya ƙaru, amma inji na kas-kas

Mai CR-V, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata CR-V ce ƙirar 1998, injin B20B. Kiranshaf ya ci, aka sayo hafin inji na Baljiyam, wato bulokin ƙasa da fistin da kiranshaf, aka ɗora masa tsohon top ɗina, wato kan injin. Ƙarfi kam ya ƙaru, sai dai da na taka ta a hawa da tsakar rana sai inji ya riƙa kas-kas. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Tsohon bakanike, Kofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a ɗaure top, an goge kan fistin an karanta? Na sha samun irin wannan a garejina. B20 na farko kwamfireshan ɗinsa, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai a silinda, 8.8 ne, a kan fistin za ka ga P3F. Na 1999 zuwa 2001, wato B20Z, 9.6 ne, fistinsa PHK. Faɗi da tsawon tafiyar fistin duk ɗaya, shi ya sa komai ke zama daram. Kuma kar lambar jikin buloki ta ruɗe ka, akwai na Japan da aka buga wa B20B alhali fistin 9.6 ne a ciki. Kowace silinda tana jan wajen cc 493. Ɗakin da ke saura in fistin ya kai sama kusan cc 63 ne a tsohon, cc 57 a sabon. Bambancin cikin cokalin shayi ne da ɗoriya, amma ƙarin matsin ne ke kawo kas-kas ɗin, kuma ƙwaƙwalwar motarka ta 98 ba ta da sensar da ke jin wannan ƙwanƙwasa ta ja taimin, wato lokacin kunna wuta, baya.

Mai gurza top, Kaduna:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara: an taɓa gurza top ɗin nan? Yawancin waɗanda ake kawo mini sun sha zafi an riga an taɓa su, mai mota bai ma sani ba. A faɗin 84mm, rabin milimita na iya cinye cc 2 zuwa 3, ka ga 9.6 ya doshi 10. Ni yanzu sai na kife top, na shafa giris, na ɗora gilashi mai ɗan rami, na ɗura mai da sirinji na karanta cc ɗin ɗakin kafin in sa injin gurza.

Yaron gareji:
Oga, mu a wurinmu gasket biyu muke haɗawa tsakanin top da buloki don matsin ya ragu, ƙarar ta ɗauke.

Tsohon bakanike:
Ta ɗauke, bayan 'yan watanni ruwa ya haɗu da mai. Kar ka ƙara, yaro. A nemo guda ɗaya mai kauri.

Direban haya, Gusau:
Tawa haka ta yi. An juya distributa baya kaɗan, na kuma daina shan man 'yan bumburutu, ta yi shiru. Ta ɗan rage gudu, ni ban damu ba.

Mai Corolla:
Ni bulokin injin Toyota 7A aka sa a ƙarƙashin top ɗin 4A. Ya fi tsayi, bel ɗin taimin bai kai ba, sai da aka nemo na 7A.

Mai CR-V:
Na gode, Allah ya ƙara girma Baba. Mun cire top yau, fistin PHK ne, kuma ga alamar gurza a jikin top ɗin. Gobe za a auna da sirinji, sannan mu san kaurin gasket ɗin da za a nema.