Kibiyata tana kaɗa wutsiya, gashi zan canza?

Abban Hafsa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bakana mai ƙarfin ja fam 30 ne, kibauna na kabon masu lambar tauri 500, tsawon inci 30. A mita 18 in na harba uku, biyu za su zauna tsakiya, ta uku ta kama gabanta, kuma ina ganin wutsiyar tana kaɗawa hagu da dama kamar tarwaɗa. In ɓare fiffiken roban nan in sa gashin tsuntsu?

Ɗan Gwaggo: Wa alaikumus salam. 500 a kan fam 30? Ta yi maka tauri, nemi 700, ta fi laushi. Ba ruwan gashi.

Musa Tela: A kan katakon bakan kake ɗora kibiya ko da maɗori, ɗan abin nan da ake liƙa wa baka don ya tallafi kibiya?

Abban Hafsa: Kan katakon, 'yar fata kawai na liƙa.

Musa Tela: To ga ɓarawon nan. Roba ba ta kwanciya, dukan katako take yi ta wuce. Gashi kuwa lafewa yake.

Yaya Bala: Ƙanena, tsaya kafin ka kashe kuɗi. Bara na yi irin wannan aikin. Na sayo gashin talotalo a kasuwa, dare uku ina tsagawa da reza ina liƙawa, yatsuna har suka manne da gam. Ashe na cakuɗa na fiffiken dama da na hagu a kibiya ɗaya, wannan yana murɗa ta nan, wancan yana murɗa ta can. Gara ma jiya. Na ɓare duka na sake, damina ta shigo, yayyafi ɗaya gashin ya kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce in tuɓe kibau biyu tsirara, in harba su tare da masu gashi a mita 10. Tsiraran duk suka faɗa hagu. Ni da hannun dama nake jan tsirkiya, ka ga tauri ke nan. Na ƙara nauyin kan kibiyar daga giren (ma'aunin nauyinsa) 100 zuwa 125, nan take suka matso kusa. Gashi rufa asiri yake yi, ba ya maganin kibiyar da ba ta dace da baka ba. In kuma sama da ƙasa take yi, ƙullin kan tsirkiya za ka matsar.

Hajiya Ladi: Kuma ka lanƙwasa kowacce kusa da kunnenka kafin ka harba. Ka ji ƙas-ƙas, jefar. Kabon da ya tsage a hannu yake fashewa.

Baba Maharbi: Ku yaran nan da lambobi. Kibiyarmu ta kyauro ba gashi ko sili, ƙarfen maƙeri ne a gaba yake jan ta, kuma da ita muka ci gada da barewa.

Ɗan Gwaggo: Ranka ya daɗe, daga taku nawa? Masu gasar Olamfik a mita 70 suke tsayawa fa.

Baba Maharbi: Takarda suke harbi, ba ta gudu.

Musa Tela: Baba ya gama da kai, Ɗan Gwaggo, ka sha ruwa.

Ɗan Gwaggo: Ai dafin kwankwani ne ke ƙarasa musu aiki, ko a cinya aka samu.

Baba Maharbi: Zo ranar Asabar da bakanka na dala, a kafa ƙwarya.

Hajiya Ladi: Ni dai ba wanda ya tambaye shi sakinsa. Ta ukun da ke ɓacewa, kibiya ɗaya ce kullum ko kowacce? Rubuta musu lamba ka gani. In kowacce ce, yatsunka ke fizgar tsirkiya.

Abban Hafsa: Hajiya, ban taɓa lura ba wallahi. To gashin fa, inci 3 ko 4?

Yaya Bala: 4, duk daga fiffike ɗaya.

Ɗan Gwaggo: Na ce 700.

Musa Tela: Wai wa ya ari maliƙin gashina tun azumi? A dawo min da shi kafin Asabar ɗin.