Yadda Muke Gane Ƙwai Mai Ɗa Kafin Kaza Ta Gama Kwanci

Wata mai sabon kiwo, Rafindadi, Katsina:
Assalamu alaikum. Kazata ta kwanta a kan ƙwai 12 har kwana 21 suka cika, amma 'yan tsaki 4 kawai ta ƙyanƙyashe, sauran duk suka zama baragurbi. Ina roƙon iyayena da yayyena da suka daɗe a kiwo su faɗa mini yadda suke bambance ƙwai mai ɗa da wanda babu komai a cikinsa.

Wata Hajiya, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ranar da kaza ta saka ƙwai, babu mai iya gane shi daga ɓawo, komai ƙwarewarsa. Ni nakan jira dare na 7 ko na 8 da fara kwanci, in shiga ɗaki in kashe fitila, in dunƙule hannuna a bakin tocilar waya, sannan in ɗora ƙwan ta ɓangarensa mai faɗi. Idan da ɗa, za ki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya wanda wani lokaci har motsi yake yi. Wanda ba shi da ɗa kuwa haske yake ratsa shi tas, sai inuwar gwaiduwa kaɗai. In kika ga jan zobe ya zagaye ciki ba tare da jijiyoyi ba, ɗan ya fara ya mutu ke nan, sai ki cire shi kada ya fashe ya ɓata 'yan'uwansa. Ki yi da hanzari, kada ƙwan ya huce.

Wani malamin makaranta, Daura:
Hajiya ta yi gaskiya. Na taso ina ganin masu sayen ƙwan zabi suna tsoma shi a ƙwaryar ruwa, na ɗauka haka ake gane mai ɗa, har na yi asara sau biyu kafin in fahimci cewa ruwa daɗewar ƙwai kawai yake nunawa, domin iskar da ke cikinsa tana ƙaruwa yayin da yake tsufa. Yanzu kafin in yi wa kaza gurbi, nakan fasa guda a faranti in duba farin ɗigon da ke kan gwaiduwa. In ya yi faɗi da da'ira kamar zobe, zakara yana aikinsa. In ɗan ƙaramin ɗigo ne dunƙulalle, babu barbara.

Wani dattijo, Sabuwar Unguwa:
Ki duba zakaranki ma, domin guda ɗaya ba ya wadatar da fiye da kaji 10 yadda ya kamata. Na taɓa yanka nawa saboda baƙi, amma ƙwan da aka saka mako guda bayan haka ya ƙyanƙyashe, tunda kaza tana riƙe barbara kusan mako 2. Abin da ya fi cutar da ni zafin Afrilu ne. Ƙwan da ya wuce kwana 7 a ajiye ba na sa rai da shi sosai, shi ya sa nake ajiye nawa kusa da randa, in rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir.

Mai tambayar:
Allah Ya saka da alheri. Baba, ashe zakarana guda ne a kan kaji 17, kuma ƙwan ya fi mako 2 a cikin kwano a kicin. Wata kazar ta fara kwanci shekaranjiya, zan haska nata ranar Laraba in Allah Ya kai mu.