Kuɗin haya ya kasa ɗaukar bashin gida, ina mafita?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidajen haya. Shekara 3 ke nan da na ci bashin banki na sayi gida mai ɓangare 4, da tunanin kuɗin haya zai riƙa biyan bashin. Kuskurena, na yi lissafi kamar kullum gidan zai kasance a cike, ban ware ko sisi don gyara ba.

Yanzu ɓangare ɗaya wata 5 ba kowa, saboda rufin yana yoyo har silin ya kumbura ya yi baƙi. Wani ɗan haya kuma wata 3 bai biya ba. Mutumin kirki ne, aiki ya rasa, na kasa buɗe baki in ce ya tashi. Da albashina nake cike giɓin, kuma ya fara gaza ɗaukar gidana.

Banki ya ce zai iya tsawaita wa'adin. Biyan wata zai ragu, amma jimillar kuɗin ruwa za ta ƙaru sosai. In karɓa in gyara rufin, ko in sayar tun bashin bai cinye ni ba? Kuma kashi nawa na haya kuke ajiyewa don gyara?