Alkoholfrei: giya ce ko lemo?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Na je kallon gudun fanfalaki na Berlin, na ga duk wanda ya ƙarasa ana miƙa masa kofin Erdinger, ta wani kamfanin giya na Jamus, wadda aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa. Abokin aikina ya ba ni nasa, na kurɓa. Ruwan gurɓi-gurɓi ne kamar kunun zaƙi, ga kumfa fara fat a sama, ƙamshin kuwa kamar ayaba da kanumfari, sai wani ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Wallahi na ji daɗinta. Ni a ganina wannan lemo ne, ba giya ba, tunda ba ta sa maye.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka juya kwalbar ka karanta bayanta? A Jamus ana rubuta alkoholfrei ko da akwai barasa a ciki, muddin ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Kalmar ba ta nufin babu ko ɗigo. Kuma hadisi a fili yake: abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Injiniya: Hajiya, a yi haƙuri, hadisin yana magana ne a kan abin shan kansa. A tambaya, idan mutum ya sha da yawa zai bugu? A kashi 0.5 ciki zai cika tun kafin a kai can, domin hanta tana ƙone ɗan abin da ya shiga yana shiga. Ayabar da ta nuna sosai akwai ɗan alkohol a cikinta, haka ruwan inabi na kwali, haka kunun da ya kwana. Babu wanda ya haramta su.

Malam Babba: Injiniya, maganarka tana da tushe, amma ka tsallake wuri ɗaya, wato yadda aka yi abin. Hanya biyu ce. Wasu kamfanonin suna tsayar da tsimin da wuri, ko su yi shi cikin sanyi sosai yadda yis ba zai samar da barasa mai yawa ba. Wasu kuma suna dafa cikakkiyar giya mai sa maye, sannan su cire barasar ta hanyar ɗumamawa ko tacewa. Ta biyun nan giya aka fara yi, da niyyar giya. Kunun da ya kwana ba wanda ya dama shi don ya zama burkutu. A kan wannan bambancin ne majalisar fatawa ta Maleshiya ta tsaya a 2011: abin da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi ba ya halatta ko an cire barasar.

Yohanna na Jos: Ni ba Musulmi ba ne, don haka ba zan sa baki a hukunci ba. Amma tambayar ko giya ce, ni mai sha zan iya amsawa: giya ce. Kayan haɗinta ɗaya ne. Dokar haɗa giya ta yankin Bavariya a Jamus ta 1516 ta ce ruwa, sha'ir da furen hof (wani tsiro mai ɗaci) kawai, daga baya aka san aikin yis. Ɗacin da Ɗan Damagaram ya ji na hof ne. Ƙamshin ayaba da kanumfari kuwa ba 'ya'yan itace aka zuba ba, yis ɗin giyar alkama irin Erdinger ne ke fitar da shi yayin tsimi. Na sha Chimay da Orval, giyar da ake yi a gidajen sufayen Kirista 'yan Trappist a Beljiyam, kuma duk wanda ya san waɗannan zai ce maka marar barasar ba ta da nauyi a baki, ta fi zaƙi. Duk da haka 'yar gida ɗaya ce. Su kansu Jamusawa Bier, wato giya, suke ce mata.

Ɗan Damagaram: To Maltina fa? Ai kamfanin giya ne ke yin ta, kuma a gidan suna da biki muke sha.

Malam Babba: Ita ba a tsima ta. Tsiron hatsi ne aka dafa aka sa zaƙi, shi ya sa ba ta da wannan ɗacin.

Maman Hanif: Ni abin da ya fi damuna ba lissafin kashi ba ne. Ɗana shekararsa 14. A kanti kwalbar mai barasa da marar barasa suna jere a kanta ɗaya, tambari ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. In ya saba ganinta a firij ɗinmu, bakinsa ya saba da ɗacin, me zai hana shi ɗaukar ta kusa da ita ran da ya fita da abokai?

Injiniya: Wannan na yarda da shi, ni ma ba na kai ta gida. Amma na san wani ɗan'uwa a nan da ya yi shekaru yana sha, da ita ya samu ya daina. A ce masa daidai take da abin da ya bari? Ban iya ba. Kuma akwai masu 0.0, kamar Heineken da ta fito a 2017.

Malam Babba: Ita ma cikakkiyar giya ake fara yi kafin a cire barasar, don haka tambayata tana nan. Shi ɗan'uwan nan kuwa, Allah ya ƙara masa ƙarfi, a bar shi ya je ya zauna da malami su yi magana su biyu.

Ɗan Damagaram: Amin. Malam, gobe zan rubuta wa kamfanin in tambaye su wace hanya suke bi a cikin biyun. Kafin su amsa na ajiye ta.