Kyankyasai sun hana ni sakat a kicin

Uwargida: Jama'a a taimaka min. Da na kunna fitila da tsakar dare, sai in ga kyankyasai na tsere a kan kwanukan da na bari. Sau 3 ina fesa magani, bayan 'yan makonni ƙananansu su sake fitowa. Ya zan yi?

Yaya Babba: Ƙanwata, feshi ba ya ratsa kwanson ƙwansu, kuma kwanso ɗaya na ƙaramin nau'in kan ɗauki ƙwai 30 zuwa 40. Ki daina kwana da wanke-wanke.

Maƙwabciya: Ruwa ne ransu. Sukan yi kusan wata ba ci, amma mako guda ba ruwa sai su mutu. Ni famfon da ke ɗiga na gyara, ina goge wurin wanke-wanke ƙarau kafin barci, tsofaffin kwalaye kuma na watsar.

Uwargida: Kwalayen nan kam! Yanzu na ɗaga ɗaya, kashinsu baƙi-baƙi kamar garin gawayi.