Muhawara: Wa Ya Kafa Jaridar Ittefaq?

Malam Sani: Abin takaici ne a ce duk lokacin da aka ɗauko tarihin Bangladesh, Sheikh Mujibur Rahman, jagoran neman 'yancin ƙasar, kaɗai ake ambata, a manta da Tofazzal Hossain Manik Miah, wanda ya kafa jaridar Ittefaq, ya sha ɗauri a zamanin mulkin soja na Ayub Khan a Pakistan, har aka ƙwace masa maɗaba'a a 1966 saboda ya goyi bayan buƙatu shida na cin gashin kan Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yau. Ya rasu a Rawalpindi a 1969, bai ga ƙasar da alƙalaminsa ya yi wa fafutuka ba.

Hajiya Rabi: Malam Sani, Allah ya ba ka haƙuri, ba shi ya kafa ta ba. Maulana Bhasani, malami ɗan siyasa, shi ne ya kafa ta a 1949 tana fitowa mako-mako, domin ta zama kakakin jam'iyyar Awami Muslim League, daga baya aka damƙa wa Manik Miah aikin edita.

Malam Sani: Hajiya, Manik Miah da ya mayar da ita jaridar kullum a Disambar 1953, yana sharhin siyasa da sunan Musafir har ta zama abin da kowa ke nema da safe, ai shi ya kafa ta a zahiri.

Alhaji Bello: Haka ake yi wa Bhasani kullum, a shafe aikinsa saboda shi malami ne mai tsaya wa manoma. Manik Miah na hannun daman Suhrawardy ne, wani jigo a jam'iyyar, kuma da Bhasani ya ɓalle daga jam'iyyar a 1957 ya kafa National Awami Party, jaridar ta juya masa baya.

Aminu: Baba Alhaji, ni a Gazipur, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh, na yi karatu, kuma babban titin da ke gaban majalisar dokoki a Dhaka sunan Manik Miah aka sa masa.

Hajiya Rabi: Ɗana, sunan titi ba hujja ba ne, kuma zama a Gazipur bai mayar da kai masanin tarihi ba.

Aminu: Umma, ban ce ni masani ne ba, amma bai kamata a raina wanda ya je ya gani ba.

Malam Kabiru, mai kula da zaure: Mu tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne ra'ayinmu ya rabu: Malam Sani na ganin Manik Miah ne ya gina Ittefaq, Hajiya kuma ta ce Bhasani ne ya kafa ta. Ƙorafin Hajiya kan wanda ya kafa ta ne, kuma Alhaji Bello bai kawo wata hujja ba.