Ta wace hanya talaka zai tantance kuɗin da gwamnati ta ce ta kashe?

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin gwamnati har suka ajiye, saboda haka nake roƙon a warware mini ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kusan kowane wata sai mu ji a rediyo cewa kwamitin rabon arzikin ƙasa ya raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kuɗin da ya zarce na shekarun baya. Ministoci kuma suna fitowa su jero ayyukan da suka ce sun kammala, ita ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta ragu. Amma magidancin da ke auno tiyar masara da kuɗin aljihunsa bai san inda zai haɗa waɗannan alƙaluma da abin da yake gani ba. Ba zagin kowa nake nema ba, kuma ba jam'iyya nake karewa ba. Abin da nake son sani shi ne, idan aka ce an ware biliyan kaza domin hanya ko asibiti, wace takarda ɗan ƙasa zai nema ya tabbatar cewa kuɗin sun fita daga baitulmali, kuma sun tafi inda aka ce?

Tsohon Akanta, Rafindadi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Abu na farko da zan ja hankalinka a kai shi ne cewa kasafin kuɗi izini ne kawai da majalisa ta bai wa ɓangaren zartarwa, domin tsarin mulki na 1999, a sashe na 80 ga tarayya da na 120 ga jihohi, ya hana a ciri ko kwabo daga asusun gwamnati ba tare da dokar majalisa ba. To amma izinin kashewa bai nuna cewa kuɗin suna ƙasa ba. Ana iya rubuta wa ma'aikata biliyan goma, a sakar mata biliyan uku, ta biya ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, shekara ta ƙare aiki yana matakin tushe, sannan a sake maimaita shi a kasafin baɗi kamar sabo. Mafi yawan ruɗanin da ke tsakanin jama'a daga nan yake tasowa, saboda ɗan siyasa yakan faɗi abin da aka ware, ya yi shiru a kan abin da aka saki.

A zamanin da nake aiki, ba a biyan kwangila sai an haɗa fayil mai ɗauke da takardar ba da aikin, da takardar shaidar injiniya cewa an kai mataki kaza, da bauca, wato takardar biyan kuɗi, wadda mai binciken kuɗi na cikin gida ya sa wa hannu. Na sha ganin fayil da komai ya cika a cikinsa, hatimi a kan hatimi, amma idan ka je ƙauyen sai ka tarar da aji biyu ba rufi, awaki na kwance a ciki. Saboda haka takarda kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa ta da ido.

Dokokin kuwa muna da su, kuma 'ya'yan wannan jiha ne suka sa hannu a kan manya daga cikinsu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya rattaba hannu a kan dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila, da kuma dokar kula da kashe kuɗin gwamnati, duka a 2007, shekarar da ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a. Marigayi Muhammadu Buhari ya tilasta wa ma'aikatun tarayya mayar da kuɗinsu asusun bai-ɗaya a Babban Bankin Nijeriya a 2015, sannan a Disamban 2019 aka buɗe shafin baitulmali a intanet, inda aka wajabta wa kowace ma'aikata ta tarayya ta wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Jihohi ma, tun bayan shirin Bankin Duniya na 2018 da ke ba su tukuici idan sun bayyana asusunsu, sun fara wallafa kasafi da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk bayan wata uku. Wannan rahoton na wata uku shi za ka fara nema, domin a jere ɗaya za ka ga abin da aka ware da abin da aka kashe.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarshen zancen. Sashe na 85 da na 125 na tsarin mulki sun ce babban mai binciken kuɗi ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, kwamitin majalisa kuma ya zauna a kansa. A matakin tarayya rahoton yakan makara da shekaru, ya fito bayan wanda ake tuhuma ya bar ofis, kuma da wuya ka ji an dawo da kuɗin da rahoton ya ce ba a ga takardunsu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Malamar Lissafi, Daura:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana a kan baitulmali, ni zan taɓa ɓangaren ƙididdiga. Ɗan'uwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta watan Disamban 2024 ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, ta watan Janairun 2025 kuma ta ce kashi 24.48. Ba wani sauƙi ne ya sauka cikin wata guda ba. An sauya ma'aunin ne, aka daina kwatantawa da farashin 2009 aka koma na 2024, aka kuma sake nauyin da ake bai wa abinci da sauran kayan masarufi a cikin lissafin. Sabunta ma'auni abu ne da ya kamata, domin yadda mutane ke kashe kuɗi ya canza cikin shekara goma sha biyar, amma duk jami'in da ya ɗauki waɗannan alƙaluma biyu ya jera su a matsayin nasarar ofishinsa, bai yi wa jama'a adalci ba. Ko da ma'aunin bai canza ba, raguwar hauhawa na nufin farashi yana ci gaba da hawa ne a hankali, ba wai buhun gero ya koma kuɗinsa na da ba.

Haka aka yi da rashin aikin yi. Na ƙarshen 2020 an ce kashi 33.3 ne, na farkon 2023 aka ce kashi 4.1, saboda sabon tsarin yana ƙidaya duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Yaron da ya gama jami'a yana tsare wa yayansa teburin cajin waya ranar kasuwa ya shiga sahun masu aiki ke nan.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa hukumar ƙarya kawai take shirgawa. Ita ce dai ta fito a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, magana mai ɗaci ga gwamnatin da ke kan mulki a lokacin. Babbar damuwata ita ce rabon da a ƙidaya mu tun 2006, lokacin da aka ce Jihar Katsina na da mutum kimanin miliyan 5.8, kuma ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk lissafin da ake yi yau na yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, ko na likita ɗaya ga mutum nawa, a kan hasashe aka gina shi.

Mai Awon Hatsi, Mai'aduwa:

Ina neman afuwar Baba da Malama, amma duk takardun da kuka ambata da Turanci suke, a intanet suke, kuma mutanen da kuɗin ya fi shafa ba su da hanyar kai wa gare su. Mu gwamnatin da muka fi kusa da ita ita ce ƙaramar hukuma, mai kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma a nan ne duhun ya fi yawa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma ko da an bi hukuncin sau da ƙafa, idan shugaban ƙaramar hukuma bai faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita ba, an sauya mai riƙe da mabuɗi ne kawai. Me zai hana kowace daga cikin ƙananan hukumominmu 34 ta liƙa lissafin wata a ƙofar sakatariya da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo? Mu 'yan kasuwa ba mu karɓar lissafin yaron shago da baki, sai ya buɗe littafi.

'Yar Jarida, Katsina:

Alhaji, maganarka dutse, kuma ba sai an jira alherin kowa ba kafin a fara. Dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ita kuma ta amsa cikin kwana 7 ko ta bayyana hujjar ƙin bayarwa a rubuce, wanda aka hana kuma yana da ikon zuwa kotu. Abin da ke kashe irin wannan wasiƙa shi ne faɗin tambaya. Wanda ya rubuta cewa a ba shi bayanin duk kuɗin lafiya ba zai sami komai ba, amma wanda ya ambaci aiki ɗaya da shekararsa da garin da yake, ya nemi sunan kamfanin da kuɗin kwangilar da abin da aka biya zuwa yau, ya kuma karɓi kwafi mai hatimin ranar da aka amshi wasiƙarsa, ya ɗaure jami'in da igiyar da ke da wuyar kwancewa. Ya fi kyau ƙungiyar unguwa ko ta 'yan kasuwa ta sa hannu, domin mutum ɗaya yana da sauƙin tsoratarwa.

Game da ministoci, a Nuwamban 2023 sun sa hannu a kan yarjejeniyar cika alƙawuran aiki da shugaban ƙasa, amma alƙalin wannan yarjejeniya shi ne wanda ya naɗa su. Dakatar da ministar jin ƙai da aka yi a Janairun 2024 kuwa ta biyo bayan wata takarda ce da ta fita hannun jama'a, mai ɗauke da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, wato takarda guda ta yi abin da jawabai ba su yi ba. Sashe na 88 na tsarin mulki ya bai wa Majalisar Tarayya ikon kiran minista ya yi bayanin kuɗin ma'aikatarsa, sashe na 128 ya bai wa majalisar jiha irin wannan iko a kan kwamishina, saboda haka duk wasiƙar da kuka aika wa ma'aikata, ku kai kwafinta ofishin ɗan majalisar mazaɓarku, ku nemi ya gabatar da ita a zauren majalisa da sunan garinku.